Kundin aikin shirin mambo, Janairu zuwa Mayu 2025

6 ga Janairu 2025

Mun tsayar da magana: shirin murya ne da Hausa, kashi shida, a kan tarihin mambo, kiɗan rawar nan da ya tsiro a Kyuba, ya yi suna a Meziko, sannan ya cika gidajen rawar New York daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa tsakiyar 1960. Rubutu da gabatarwa nawa ne, ɗaukar murya da tacewa na ƙanena. Waɗanda nake so su saurara su ne irin mutanen da in ka ce musu mambo, ba abin da zai faɗo musu a rai sai waƙar Lou Bega ta 1999 da gidajen rediyo suka yi ta sakawa har ta gundure mu. Kaɗan ne suka san busar da waƙar ta hau kai ta Dámaso Pérez Prado ce, kuma ta girme ta da shekara hamsin.

Rabon da na yi a takarda: kashin farko bayin Afirka a Kyuba da gangunansu, na biyu tsohon kiɗan rawar Kyuba da ake kira danzón, na uku wani kiɗan Kyuba mai suna son da makaɗi Arsenio Rodríguez, na huɗu Meziko, na biyar New York, na ƙarshe yadda kiɗan Kyuba ya sake ƙetaro teku zuwa Afirka. Ƙanena ya karanta ya ce, "Yaya, duk na ji. Amma wa ya ƙirƙiro shi? Ba ni suna ɗaya in sa hotonsa a jikin sanarwa." Na ce ya dakata tukuna.

15 ga Janairu

Rubutun kashi na ɗaya ya kammala. Abin da na fi so mai sauraro ya riƙe shi ne yadda bauta ta daɗe a Kyuba. Sama da mutum 700,000 aka sauke a tsibirin daga Afirka, mafi yawansu a ƙarni na 19, lokacin da gonakin rake suka bunƙasa bayan juyin juya halin Haiti ya rusa noman rake a can. Jiragen bayi ba su daina zuwa ba sai cikin shekarun 1860, bautar kanta kuma sai 1886 aka soke ta. Ke nan yaron da aka haifa a 1910 ya tashi ya tarar da tsofaffin da aka haifa a Afirka suna zaune a tsakar gida, suna waƙa da harshensu. Makaɗan da suka yi mambo jikokin waɗannan tsofaffin ne.

Hukumar Sifaniya ta bar bayi da 'yantattu su kafa ƙungiyoyin taimakon juna bisa asalinsu, ana ce musu cabildo. Akwai na Lucumí, wato Yarabawa, akwai na Congo, da na Arará daga Dahomey, da na Carabalí daga yankin Kalaba. A nan ganguna suka tsira. Ƙungiyar asiri ta Abakuá da aka kafa a Regla, a bakin tashar jiragen ruwan Habana, a 1836, reshe ce ta ƙungiyar Ekpe ta Kuros Riba, kuma har yau tana nan.

Akwai tarko a wurin nan. Ɗan Najeriya da ya ji an ambaci Yarabawa da Kalaba, nan take zai so ya ce ai mambo namu ne. Duk jimlar da ta karkata can na cire ta. Gangunan batá na Yarabawa sun daɗe a killace a wuraren ibadarsu, ba a kai su gidan rawa. Gangar da ta shiga ƙungiyoyin kiɗan rawa, wato conga, an fi danganta ta da gangunan mutanen Kwango. Sarewa da goge da fiyano daga Turai suka zo, jera ƙahoni sahu-sahu kuma daga makaɗan jaz na Amurka aka koya.

24 ga Janairu

Makon nan danzón kawai nake ji. Ƙanena ya ce kiɗan barci ne, kuma ban ga laifinsa ba, don kiɗa ne mai natsuwa na mutanen da suka ci ado. Asalinsa contradanza, rawar Turawa da ta shigo Kyuba ta hannun Sifaniyawa da Faransawan da suka gudo daga Haiti da bayinsu bayan 1791, makaɗa baƙar fata suka yi ta sauya mata taku. Ranar 1 ga Janairu 1879 Miguel Faílde ya kaɗa nasa danzón a Matanzas, shi ake lissafawa na farko. Akwai buɗe kiɗa da ake maimaitawa tsakanin sashe da sashe. In ya zo masu rawa su tsaya cak, mata su yi fifita da mafici, a gaisa, a ɗan zagaya, sai sashe na gaba ya shigo a sake kama hannu. A 1910 José Urfé ya ɗauko wani abu daga son, kiɗan gabashin tsibirin, ya liƙa wa danzón a ƙarshe: gajeren kari da ake ta nanatawa, mai motsa ƙafa.

A 1937 Antonio Arcaño, mai busa sarewa, ya kafa Arcaño y sus Maravillas. Irin ƙungiyar nan ce da ake kira charanga: sarewar katako, gogen Turawa, fiyano, babban goge na tsaye mai amon ƙasa, timbal, wato ganguna biyu masu jikin ƙarfe da ake bugawa da sanda, da güiro, wato doguwar duma mai zane da ake karta da tsinke. Wa da ƙane ne ke rubuta masa yawancin kiɗan, Orestes López da Israel, wanda duniya ta sani da Cachao. A 1938 Orestes ya rubuta wani danzón ya raɗa masa "Mambo". Abin da suka yi shi ne faɗaɗa wancan sashen ƙarshen. Masu goge suna nanata ɗan kari mai tsallake bugu, Cachao na ja daga ƙasa, mai timbal ya koma kan ƙararrawa, Arcaño kuma ya saki sarewa tana yawo a sama yadda ta ga dama. Daga baya ma ya ƙara conga, abin da charanga ba ta saba da shi ba. Masu rawa a kulob-kulob ɗin baƙar fata na Habana, don a lokacin launin fata ke raba wuraren rawa, suka koma ɗokin ƙarshen kiɗa kawai, kamar yaran da ke jiran a kwashe tuwo su samu ƙanzo.

Wani abu da ya cuci 'yan gidan López a tarihi: Arcaño bai ɗauki wancan danzón a faifai ba sai farkon shekarun 1950, bayan sunan mambo ya riga ya manne wa wani mutum daban.

2 ga Fabrairu

Wani abokin aiki ya haɗa mu da dattijon makaɗi da ya yi zamani yana buga conga a ƙungiyoyin hayilaif na otal-otal cikin shekarun 1970. Baba muke ce masa. Congarsa biyu suna nan a ɗaki, an lulluɓe su da tsohon bargo.

Na je da takarda, na rubuta lissafin clave, wato bugu biyar ɗin nan da komai ke tafiya a kai: cikin ƙirga takwas, a buga a ɗaya, biyu da rabi, huɗu, sai shida da bakwai. Uku a gefe guda, biyu a ɗaya gefen. Ana iya farawa ta kowane gefe, amma in an fara ba a juyawa. Baba ya dubi takardar ya miƙo mini. "Ɗana, wannan lissafinku ne na 'yan boko. Ajiye biro ka tafa." Na shiga tafi, shi kuma ya ja ganga tsakanin gwiwoyinsa. Hannun hagu yana kwance a kan fata, gindin tafin hannu da yatsu suna musanya can ƙasa-ƙasa. A biyu hannun dama ya mari fata, tas. A huɗu ya saki amo biyu buɗaɗɗu, tum-tum, sai a koma farko. Shi ne tumbao. Ya ce in tafin mutum ya karkace, shi zai riga mai tafin ji.

Abu na biyu da baki ya nuna mana, don ba mu da babban goge. Mai bes, wato babban gogen, ba ya buga ɗaya. A biyu da rabi yake faɗowa, sai huɗu, kuma a huɗun ya riga ya kama muryar da sauran za su shiga a ɗaya mai zuwa. Shi ya sa kiɗan ke jan mutum gaba ba hutawa. Ƙanena ya yi ta neman ɗaya da ƙafa tana kuɓuce masa, Baba na ta dariya. "Ɗayan a jikinka take, yaro. Ba wanda zai buga maka ita."

Ya yarda zai zo a ɗauka, da sharaɗin a zo a kwashe shi da gangunan a mota. Ya ce ba zai ɗora su a a-daidaita-sahu ba.

9 ga Fabrairu

Ɗaukar farko ba ta yi ba. Hunturu ya busar da fatun sun yi tsauri, ga janaretan maƙwabta. Baba ya sassauta ƙusoshin da sifana, yana ba mu labarin cewa congar dā ba ta da ƙusar ɗaurewa, fatar a kafe take, sai an gasa ta a bakin wuta kafin amo ya tashi. Mun maida ɗauka hantsi, lokacin da unguwa ta watse. Ƙararrawar ƙarfen ce ta fi ba mu wuya, kuge inji Baba, don tana danne komai a makirfo. Ƙanena ya nisanta ta, ya cusa mata tsumma a ciki, aka samu sa'ida.

18 ga Fabrairu

Kashi na uku na fi jin daɗin rubutawa, don Arsenio Rodríguez ya shiga raina. An haife shi a 1911 a Güira de Macurijes cikin lardin Matanzas, zuriyar bayin Kwango ne, ya makance tun yana yaro. Abin kaɗawarsa tres, ƙaramar jita mai tsirkiya shida da aka jera bibbiyu. Kafin shi, son kiɗan mutum shida ne ko bakwai: tres, jita, bongo, bes, caki, sandunan clave, da ƙaho ɗaya tun daga 1927. A 1940 ya kafa tasa ƙungiyar, ya shigo da conga da fiyano, ya ƙara ƙahoni, tsarin da ake kira conjunto. Bai ƙara wa kiɗan gudu ba, nauyi ya ƙara masa, kowane makaɗi ya ɗaure shi da clave tamau.

Na sa wa Baba ɗaya daga faya-fayansa ban faɗa masa na wane ne ba. Ya yi shiru duk tsawon baitocin farko. Daidai inda mai bongo ya ajiye bongo ya ɗauki ƙararrawa, jagora da 'yan amshi suka fara musaya, ya ɗaga yatsa ya ce, "To, yanzu aka fara." Bayan mai fiyano ya yi nasa, sai sashen da Arsenio ke kira diablo: fiyano da tres suna nanata kari guda, ƙahoni su hau kai suna saƙa nasu. Har ya rasu yana cewa daga nan aka ɗauki mambo, kuma wanda ya ji faya-fayansa na shekarun 1940 ba zai ƙaryata shi ba.

A 1947 ya je New York ganin likitan ido, aka ce masa babu abin da za a iya yi. Farkon shekarun 1950 ya koma can da zama, daidai lokacin da mambo ke kawo kuɗi, amma kuɗin bai zo inda yake ba. Manyan gidajen rawa gudu suke so, don haka ya fi wasa a ƙananan kulob na Bronx da Harlem. Ya rasu a Los Angeles a ƙarshen Disambar 1970. Ƙanena yana so mu shimfiɗa kiɗan tausayi a ƙarƙashin wannan wurin. Na ƙi. Tumbao ɗin Baba za mu sa, shi kaɗai.

26 ga Fabrairu

Maganar haƙƙin mallaka ta taso. Faya-fayan nan duk da masu su, kuma ba mu da kuɗin sayen izini. Shawara: za mu faɗi sunan kowane kiɗa da shekararsa mai sauraro ya nema da kansa, mu kuma mu kaɗa misalan taku da kari da hannunmu. Ganga da ƙararrawa akwai Baba. Fiyano akwai wani saurayi mai kaɗa kibod a wuraren biki. Saura mai ƙaho, sai mun leƙa wurin 'yan badujala.

12 ga Maris

Azumi ya kama tun farkon wata, mun jingine ɗauka sai bayan Sallah. Rubutun kashi na huɗu nake yi da dare.

Pérez Prado ma ɗan Matanzas ne. Faílde, Arsenio, ga shi kuma. Lardin rake da ganguna bai yi ƙarya ba. Ya zo Habana a shekarun 1940 yana kaɗa fiyano da tsara kiɗa wa Orquesta Casino de la Playa. Salonsa ya yi wa masu harkar faifai na Habana baƙo, sai ya tattara ya koma birnin Meziko a ƙarshen shekarun. Can ya tarar da sitidiyon kamfanin faifai na RCA Victor, da masana'antar fim da ta fi kowace ƙarfi a ƙasashen masu jin Sifaniyanci a lokacin, da kuma Benny Moré, mawaƙin Kyuba da ya riga shi zuwa tun 1945. Faya-fayan da ya yi tsakanin 1949 da 1950, ciki har da "Qué rico el mambo" da "Mambo No. 5", su suka kai sunan duniya.

Abin da ya yi shi ne ya yar da duk abin da ke gaban sashen ƙarshe. Ba buɗe kiɗa, ba tsayawa a yi fifita, ba sarewa, ba goge. A faya-fayan da ba Benny a ciki, waƙar baki ma sai 'yan kalmomi da ake jefowa. Masu saksofon suna gurnani a ƙasa suna nanata kari, masu ƙaho suna tsaga sama suna amsa musu, sai kowa ya ɗauke wuta tsit, a cikin shirun ya saki nishin nan nasa, "uh!", a sake faɗawa. Minti uku an gama, daidai tsawon faifan garmaho. Yawancin masu busar 'yan Meziko ne, ganguna kuma a hannun 'yan Kyuba. Fina-finan 'yan rawa da ake kira rumberas, irin su Ninón Sevilla, suka kai rawar kowane lungu na Latin Amurka, har babban limamin cocin Katolika na Lima a ƙasar Peru ya yi Allah wadai da ita a 1951.

Masu son kiɗan Kyuba da yawa suna yi masa kallon ɗan kasuwa da ya tsinci dami a kala. Ban yarda ba. Iya sanya shiru a inda yake sanya shi ba ƙaramin gwaninta ba ne, kuma kafinsa ba wanda ya maida ƙahoni ganguna yadda ya yi.

5 ga Afrilu

An koma aiki. Ƙanena ya sake tado da maganar hoto, yau kam na ba shi amsa. Mutum uku ne ke da da'awa, kuma ba abu ɗaya suke da'awa ba. 'Yan gidan López su suka fara raɗa sunan, suka buɗe sashen a cikin danzón. Arsenio shi ya kawo conga da nauyin clave da ƙahoni masu hawa kan kari. Pérez Prado ya yanke sashen ya tsayar da shi da ƙafarsa, ya sa masa kayan manyan ƙungiyoyin jaz, ya sayar. Ka sa faya-fayan ukun a jere, wanda bai sani ba ba zai ce suna ɗaya suke amsawa ba. Abin da ya haɗa su shi ne inda Baba ya ɗaga yatsa: lokacin da ƙararrawa ta shigo, aka bar baitoci aka zauna a kan gajeren kari guda ana ta juya shi.

Saboda haka mun sauya tsari. Kowane kashi zai buɗe da ƙararrawa ita kaɗai, sannan a riƙa ɗora mata kayan kiɗan zamanin da ake magana a kai, ɗaya bayan ɗaya, kafin in fara magana. Sanarwa kuwa hoton hannun Baba riƙe da kuge za a sa. Ƙanena ya ce ko banza mun huta da neman izinin hoton kowa.

17 ga Afrilu

Kashi na biyar ya fi kowane yawan mutane, sai na yi ta datsewa. New York ba ta jira Pérez Prado ba. Tun 1940 Machito ya kafa ƙungiyarsa ya sa mata suna Afro-Cubans, a zamanin da ambaton Afirka ba abin tallata kai ba ne. Surukinsa Mario Bauzá, wanda ya yi aiki da manyan makaɗan jaz Chick Webb da Cab Calloway, shi ya haɗa tsarin busar jaz da gangunan Kyuba. A 1947 Chano Pozo, makaɗin conga kuma ɗan Abakuá, ya shiga ƙungiyar jaz ta Dizzy Gillespie, aka harbe shi a Harlem a Disambar 1948.

A nan 'yan Puerto Rico suka shigo labarin da ƙarfi. Dokar 1917 ta ba su takardar zama 'yan Amurka, bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma suka kwararo birnin. Cikin manyan ukun da suka riƙe gidan rawar Palladium, a mahaɗar titi na 53 da Broadway, Machito ne kaɗai ɗan Kyuba. Tito Rodríguez a Santurce ta Puerto Rico aka haife shi, Tito Puente kuma a Harlem, duk a 1923. Puente ya yi aikin sojan ruwa, ya karanta kiɗa a makarantar Juilliard, shi ya fito da timbal daga bayan dandali zuwa gaba yana bugawa a tsaye. Shi da Rodríguez sun sha rigima kan sunan wa za a fara rubutawa a allon ƙofa.

Palladium a hawa na biyu yake, kuma ba a tambayar launin fata a ƙofa. Baƙaƙen Amurka, 'yan Kyuba, 'yan Puerto Rico, Yahudawa da Italiyawa duk a fili ɗaya, a Amurkar shekarun 1950. Daren Laraba Killer Joe Piro ke koyar da taku kafin gasa. Fitattun 'yan rawan gidan, Cuban Pete da Millie Donay, shi ɗan Puerto Rico ne, ita Ba'italiya. Gidan kiɗan jaz na Birdland na kusa, makaɗan jaz kan leƙo in sun sami hutu.

Matsalata ita ce ba a ganin rawa a shirin murya. Abin da muka yi yau: ƙanena ya sa takalmi mai tauri ya taka a kan katako, Baba na bugawa. Da farko ya riƙa jefa ƙafa gaba a ɗaya, sannan ya koma biyu, daidai marin fata. Da muka saurara, bambancin ya fito sarai. A biyu, ƙafa da ganga suna faɗuwa tare. Wannan takun ne Eddie Torres ya tsara daga baya yake koyarwa a New York, har yau ana kiran sa mambo ko da kiɗan salsa ake rawa.

28 ga Afrilu

Faɗuwar na taƙaita ta cikin minti huɗu. Enrique Jorrín, wanda ya yi goge a wurin Arcaño, ya lura mutane da yawa ba sa iya bin tsallaken bugu, ya sauƙaƙa takun, a 1953 cha-cha-chá ya fito daga danzón ɗin da ya haifi mambo. A 1954 mawaƙan Amurka irin su Perry Como da Rosemary Clooney suna ta jefa kalmar mambo a waƙoƙinsu. Faifan Pérez Prado da ya yi mako goma a saman jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka na mujallar Billboard a 1955 ma takun cha-cha-chá ne. Sai juyin juya halin Kyuba na 1959, takunkumin Amurka ya biyo baya, zirga-zirgar makaɗa tsakanin Habana da New York ta yanke. An ƙwace lasisin giyar Palladium a 1961 bayan samamen 'yan sanda, ya rufe a 1966. Kamfanin Fania da Johnny Pacheco da Jerry Masucci suka kafa a 1964 shi ya ɗauki gadon, kuma in ka kasa kunne, tsarin Arsenio ne ƙashin bayan salsa.

10 ga Mayu

Kashi na shida zai fi sauran gajarta, don gaskiya abin da ya fi shigowa Afirka son ne da ake sayarwa da sunan rumba, mambo ya biyo baya ne a cikin ayari. Daga 1933 kamfanin HMV ya riƙa fitar da faya-fayan Kyuba da lambar GV don kasuwar Afirka. Baba ya ce manyan da ya koya a hannunsu da lamba suke kiran waƙa, ba da suna ba, don ba wanda ke jin Sifaniyanci. A Kinshasa makaɗa suka maida karin fiyano da ƙaho kan jita, rumbar Kwango ta fito, waƙar 'yancin kai da Joseph Kabasele ya yi a 1960 ma cha-cha-chá ce. A Akara, Guy Warren ne ya shigo da gangunan Kyuba cikin ƙungiyar Tempos, hayilaif ya ɗauka, ta nan suka iso hannun irin su Baba. A Dakar akwai Orchestra Baobab tun 1970. A 1974 kuma mawaƙiyar Kyuba Celia Cruz da ƙungiyar Fania All-Stars suka hau dandali a Kinshasa, a bikin kiɗan da aka shirya don damben Muhammad Ali da George Foreman.

Inda aiki ya tsaya: kashi na ɗaya zuwa na uku an tace, na huɗu da na biyar an ɗauki maganata saura misalan busa, na shida yana takarda. Mun sami mai ƙaho daga 'yan badujala, saurayi ne mai ƙarfin numfashi, yana kai muryar sama ba wahala. Sai dai ya saba da kiɗan fareti, duk karin da aka ba shi sai ya sauke shi a ɗaya. Baba ya ce kada mu ɗauki komai tukuna. Za a kai masa yaron gida ba tare da ƙahon ba, su zauna su yi ta tafi har ya daina.